Ƙanena Ministan Tudun Gwaza

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a rumfarmu ta bakin kasuwar Buza, kafin a zuba na fari wani zai ce, "Mushe Isuhu, ba mu labarin ƙasar nan da kunkuru ke shari'a." Na faɗa, na sake faɗa, har labarin ya fara dawo mini daga bakin wasu ya yi ƙiba. Ran nan a tashar Madawa wani direba ya rantse mini cewa wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Tama ya yi kokawa da sojojin wani sarki ya kayar da su duka. Bai san ni ne malamin ba, kuma da ya dubi ƙwaurina da bai rantse ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in sha shayina.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna: ni ɗan fari, Sha'aibu auta. Ni na yi lakwal, na koyar da ƴaƴan mutane a ƙauyukan Buza da Keita har na ajiye alli. Shi kuwa ya bi hanyar da samarin Adar ke bi in an gama girbi, ya tafi bida, wato ci-rani. Sauran sukan dawo da ruwan fari, da sabon bargo da rediyo. Sha'aibu bai dawo ba. Muka ji yana Ngaundere yana sayar da albasa, muka ji ya gangara kudu cikin duwatsu, ya buɗe butiki, wato kanti, ya yi aure, ya haihu. Aike bai taɓa yankewa ba, kuma duk Juma'a sai ya kira Inna a salula. Amma in an ce ya zo gida sai ya ce, "Ba ni da izini." Muka ɗauka matarsa ce ta riƙe shi, muka yi ta kwasar alhakin baiwar Allah.

Bara, bayan an ɗaure gero, Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, ido ya rage gani. Likita a Madawa ya ba da magani, ya ja ni gefe ya ce a kula da ita sosai, da irin muryar da ke sa ka gane sauran maganar da bai faɗa ba. Wata safiya ina zaune bakin gadonta a Tama ta kira ni. Ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, tun da na fara koyarwa ta sami sauƙi, take ce mini Mushe kamar kowa, yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu.

"Mushe, ka tahi ka ɗauko mini Auta. Na gaji da jin muryatai cikin ƙarhe."

Na ce, "Inna, ya ce ba shi da izini."

"Izinin wa? Su sunka haihe shi?"

Na ɗaure kaya.

Daga Tama na hau bayan kamyon albasa zuwa Madawa, na sauka ina wari kamar miya. A motar Maradi Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, ƴar kasuwa ta Tamaske mai kai cuku da kilishi Ngaundere. Ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Da ta ji inda na nufa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mushe, ka taɓa hita ƙasar waje?" Na ce na je Yamai sau da dama. Ta ce, "To zamna kusa da ni."

A kan iyakar Najeriya na so in nuna mata cewa malami malami ne. Na miƙa wa ma'aikacin takarduna, na gaishe shi da Faransanci mai kyau, na shiga bayyana masa dalilin tafiyata tun daga ciwon Inna. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce da Hausa tas, "Baba, duk wannan waƙar me take cewa?" Mutanen layi suka fashe da dariya. Hajiya Rabi ta ja hannun rigata ta ce, "Ninke Faransancinka ka sa aljihu, sai mun tsallaka Kamaru ka hiddo shi."

A Kano kuma Hausata ce ta zama abin kallo. Na tsaya gaban wata mai abinci a tasha na ce, "Mi kuke da shi?" Ta kira ƴar'uwarta ta ce ta zo ta ji, suka sa na maimaita. Ban ji haushi ba, don duk "mi" ɗaya sai ta ƙara mini nama. A Yola muka sauka a zauren mai masaukin Hajiya, da asuba na fito daga masallaci na tarar wani ya tafi da takalmana ya bar mini nasa. Nasa sun fi nawa kyau, amma sun yi mini yawa, da su na shiga Kamaru ina jan ƙafa kamar mai rangwaɗa. Can na fiddo Faransancina. Ɗan sandan farko da na yi wa magana ya saurare ni da ladabi, ya ce rabonsa da jin irin wannan tun kakansa na da rai.

A Ngaundere muka rabu da Hajiya. Ta damƙa ni ga gidan Adarawa, don ko ina ka je a duniya akwai wani ɗaki da mutanen Keita suka cika shi da buhuna da tabarmi. Su suka fara buɗe mini ido. Da na ambaci Sha'aibu na Tama sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Kana nuhin Minista?" Na ce a'a, mai butiki. Suka dubi juna suka ce in je dai in gani.

Motar kudu ta cika har ƙofa. Ƙasa ta fara tashi sama, ruwa na zuba ba damina ba, sanyi ya kama ni. Allah ya taimake ni da wani buhu a ƙarƙashin kujera, mai ɗumi da laushi, na cusa ƙafafuna a jikinsa ina sa wa mai shi albarka. Sai da muka faɗa wani rami buhun ya yi gurnani. Alade ne. Da muka tsaya na wanke ƙafa har fata ta yi fari, matar da ke da shi kuwa ta zo tana yi mini godiya, wai tun da suka taso bai taɓa natsuwa haka ba.

Sunan ƙasar da Sha'aibu yake na gaskiya yana karya harshe, Hausawan wurin suna ce mata Tudun Gwaza. Ɗan kabu-kabu ne ya hau da ni. A wata kwana muka tarar da gora an gicciye hanya, da wani mutum sanye da takalman roba, riƙe da bindigar toka da ta fi shi tsawo. Ya ce nan iyakar masarauta ce, wa nake nema? Na faɗi sunan ƙanena. Sai ya ƙame, ya buga ƙafa a taɓo har ya fantsamo mini, ya ɗaga gorar da hannu biyu. Ni da na yi shekaru ina koyarwa ko mai gadin lakwal bai taɓa sara mini ba.

Na sami Sha'aibu a gaban butikinsa. Yaron da ya bar Tama kamar sillen kara ya zama ƙato, ga furfura, ga wata hula saƙaƙƙiya da ƙayar beguwa a tsaye. Wani mutum na biye da shi ɗauke da ƴar kujerar itace. Ya gan ni, ya yar da abin da ke hannunsa, ya rungume ni yana kuka yana cewa, "Yaya, Yaya, Inna hwa?" Mai kujerar ya tsaya a bayansa yana jira ko zai zauna.

Matarsa Maryama, ƴar ƙasar ce da ta musulunta, ta kawo mini gwaza dakakkiya da wata miya rawaya a tsakiya kamar tafki. Da yatsa ɗaya ake ci, ana zagayawa daga gefe. Na sa hannu duka yadda muke yi wa tuwo, katangar ta fashe, miyar ta malalo mini a cinya. Yaransa suka ruga bayan ɗaki don kada su yi dariya a gabana. Ina goge riga Sha'aibu ya ba ni labari.

Shekarun baya rikici ya tashi tsakanin Fulani makiyaya da masu gonakin gwaza. Shi yana jin Fulatanci, yana jin yaren garin, kowa kuma na cin bashin sukari a wurinsa, sai ya shiga tsakani aka sasanta. Sarki ya ji daɗi ya naɗa shi ministan baƙi. Ya yi murna, ya yanka rago. Sai bayan an gama cin ragon aka gaya masa cewa minista ba ya kwana wajen masarauta, domin wanda ya riƙe kujerar kafin shi ya ce zai je ganin gida, har yau ana jiran sa.

Ƙasar duka, in ka tashi da hantsi a ƙafa, kafin la'asar ka fita ta ɗaya gefen. Amma ministocinta sun fi na wasu manyan ƙasashe. Akwai na kasuwa, akwai na ganguna, akwai na ƙofar sarki, akwai na jana'iza wanda ya fi kowa aiki da ƙiba. Akwai ministan ruwan sama, aikinsa tsayar da ruwa ranar biki. Na ce a ba mu aron sa mu kai Adar ya yi mana aikin a juye. Sha'aibu ya ce ba zai amfane mu ba, don ko a nan in ya tsayar ruwan bai cika jin maganarsa ba, sai ya ce ministan masarautar maƙwabta ne ya turo shi. Na ce to wannan ko a wurinmu zai iya minista.

Na ce, "Sha'aibu, ba gwamnati a ƙasar nan? Ba jandarmomi?"

Ya ce, "Akwai su can gangare, Yaya. In na tahi wurinsu za su ce ba dokar da ta hana ni, in hau mota. Amma ran da na kwana waje ba izini, ba mai sake sayen ko ashana a butikina. A amshe gonar baban Maryama. Ɗiyana su gaida mutum ya kau da kai. In zo da su Tama su ci mi?"

Nan na gane ba taurin kai ba ne. Na ce to mu nemi izinin ta ƙofar da ake nema.

Muka fara da sarki. Ana shiga wurinsa a duƙe, ana tafi da hannu, in za ka yi magana ka rufe baki da tafin hannu. Ni da ciwon baya, na shiga a duƙe na kasa miƙewa, fadawa suka yaba da ladabina. Da aka sallami jama'a sarki ya sa aka rufe ƙofa, ya cire hular, ya yi mini magana da Faransanci irin nawa. Ashe likitan haƙori ne a babban birni.

Ya ce, "Mushe, ni ma jana'izar mahaifina na zo, da ƴar jakata ta kwana biyu. Ana cikin taro manya suka kama ni a gaban jama'a, suka ce ni ne magaji. Motata tana bayan fada, kaji ke ƙwai a ciki. Kana roƙon ɗaurarre ya kwance ɗaurarre."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ne sarki."

Ya ce, "Ni ne. Ina naɗawa, amma ba na saki. Wannan na manya tara ne." Sannan ya ce in buɗe baki. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce akwai haƙorin turmi ɗaya a hagu da ya kamata a cire, ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka nuna wa abinci yana azumi.

Manya tara su ne majalisa. Suna zama a wata bukka cikin kurmi bayan fada, ba mai shiga sai su, ba mai jin abin da suka ce. Ministan ƙofa ya kai kukanmu tare da kaza da jarkar manja, haka al'ada take. Ya dawo ba kaza ba jarka, ya ce manya sun ji, sun tausaya, magana ce ta shari'a. Na tuna yawon da na sha a birane ina neman takardun barin aikina, daga wannan biro zuwa wancan. Bambancin kawai, a nan an gaya maka kuɗin shiga kaza ne tun daga ƙofa.

Kotu tana zama ranar kasuwa, kuma makonsu kwana takwas ne, saboda haka Juma'a tana yawo a cikinsa, sai Sha'aibu ya riƙa tuna mini. Kullum da safe ina kiran Tama. Ƙanwata Zainabu da ke jinyar Inna ta ce ta rage cin abinci, in ta ji motsi a ƙofa sai ta ce, "Su ne?" Na daina jin daɗin dariyar da nake yi wa mutanen nan.

Ranar shari'a muka taru a wata rumfa mai ginshiƙai sassaƙaƙƙu. Alƙalai dattawa uku ne, na tsakiya kunnensa ya yi nauyi, na dama ke faɗa masa abin da aka ce, na hagu ya gyara. Kafin tamu aka yi ta wasu mutum biyu da ke jayayya kan itacen goro a kan iyakar gona. Kowa ya kawo shaidu, kowa ya rantse. Da abin ya gagara sai aka ce a ɗaukaka ƙara, wani ya shiga ciki ya fito da kunkuru a cikin kwando. Aka ajiye shi tsakiya, wanda ya nufa shi ke da gaskiya. Kunkuru ya janye kai ya yi zamansa. Jama'a suka zuba ido, masu ƙara na zufa. Can ya fito, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya miƙe ya nufi wata mai tallar ayaba a bakin rumfa. Alƙalai suka haɗa kai, suka yanke cewa duka biyun maƙaryata ne, goro na sarki ne. Na yi istigfari a zuciyata. Amma in faɗi gaskiya, na san shari'ar gona a wajenmu da aka fara tun ina saurayi, masu ita sun mutu ƴaƴansu sun gada. Su aƙalla suna ganin alƙalinsu yana tafiya.

Da aka kira tamu sai wata matsala ta taso. Ni baƙo ne, kuma baƙo ba ya magana a kotu sai ta bakin ministan baƙi. Shi ne kuma mai tsaya wa baƙo. Shi ne kuma wanda ake shari'a a kansa. Aka ajiye wa Sha'aibu wuri uku. In na yi magana ya tsaya kusa da ni ya fassara, ya koma dama ya goyi bayana, ya koma hagu ya sunkuyar da kai a matsayin wanda ake ƙara. Mai ɗaukar kujerarsa na bin sa da gudu. Har wani lokaci alƙalin tsakiya ya tsawata masa don ya katse kansa da kansa.

Na gaya musu tsohuwa ce kwance, ta haifi ɗa, tana son ta taɓa fuskarsa kafin ta tafi. Sha'aibu ya fara fassarawa, muryarsa ta karye a tsakiya, ya kasa ƙarasawa. Na ga alƙalin hagu yana share ido da gefen zane. Na ce a raina an gama, mun yi nasara.

Suka yi shawara mai tsawo. Hukunci ya fito: uwa tana da gaskiya, al'ada ma tana da gaskiya. Minista ginshiƙi ne na ɗakin sarki, ba a zare ginshiƙi sai an tabbata ɗaki ba zai faɗi ba, masu sanin wannan kuwa sojoji ne. Na roƙi a kawo kunkurun, na ga ya fi su saurin yanke magana. Aka ce ba ya duba shari'ar baƙi.

Shugaban sojoji ana ce masa Janar Toma, mai walda ne a bakin kasuwa. Ya ji daɗin zuwana ƙwarai, ya rufe shago ya sa aka busa ƙaho don in ga fareti. Rundunar duka ba ta kai aji ɗaya na lakwal ɗin Tama ba. Wasu sun zo daga gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, bindiga a ɗayar. Ya nuna mini sojan ƙasa, ya nuna mini masu gadin gora, ya nuna mini wani tsoho mai kwalekwale a ɗan tafkin bayan dutse ya ce shi ne sojan ruwa. Aikinsu harbi sama ranar jana'iza, korar birai daga masara, da ɗaukar karagar sarki. Suna da yaƙi guda da masarautar maƙwabta kan wata fadama, tun zamanin kakanni, ba a rufe shi ba. Kowace shekara sukan je bakin fadamar su zagi juna da kyau, sannan a zauna a ci abinci tare.

Na ce, "Janar, ku da ke da bindigogi, bai taɓa zo muku a rai ku karɓi mulkin ba?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "In karɓa in yi me da shi? Mutumin da ba ya cin abinci a gaban mutane, ba ya zuwa ko'ina? Ni in na gaji ina rufe shago." Ya matso ya rage murya. "Kuma bindigogin ne a hannunmu. Albarushin yana ɗakin uwar sarki, mabuɗin yana wuyanta. Cokali-cokali take auna mana, in an dawo ta ƙirga ƙarar da ta ji."

Na shiga tunanin ƙasashe nawa ne za su zauna lafiya da sun sami tsohuwa ɗaya mai mabuɗi.

Game da Sha'aibu kuwa, Janar ya ce shi ba zai iya cewa ƙasa tana cikin tsaro ba sai ya san yawan albarushin da ya rage, wannan kuwa uwar sarki kaɗai ta sani.

A wannan yammacin na zauna a bayan butiki na rasa abin yi. Maryama, wadda muka yi shekaru muna zargi, ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, kun gama da maza? Gobe in kai ka inda ake yin magana."

Na zaci wata fada za mu. Gona ta kai ni. Uwar sarki tsohuwa ce ƴar ƙarama, ba takalmi, tana tuge ciyawa a cikin gwaza, ga mabuɗi a igiya yana lilo a ƙirjinta. Ba ta bari na duƙa ba, ta nuna mini kututture na zauna. Maryama na fassara. Ba ta tambaye ni hukuncin kotu ba. Ta tambayi sunan Inna, da abin da take iya ci, da wanda ke juya ta in ta gaji da kwanciya, da ko tana da jikoki kusa. Na amsa. Ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga saiwar ciyawa.

Ta ce, "Nawa ɗan ma sun kama shi. Amma ni in na yi tari yana ji ta bayan katanga."

Sannan ta miƙe ta ce, "Minista ba ya tafiya ganin gida, wannan gaskiya ne, ba zan karya ba. Amma minista yana zuwa aike. Ni zan aike shi wurin uwarku da gaisuwata. Kuma ka gaya mata al'adarmu da kyau, kada ka manta ko kalma ɗaya: ɗan aiken uwar sarki ba ya juyowa sai an ba shi amsa. In ya dawo ba amsa, kotu ce."

Abin da sarki da manya tara da alƙalai da janar suka kasa, aka gama shi kafin rana ta yi tsaka. Manya suka ce dama abin da suke nufi ke nan. Alƙalai suka ce hukuncinsu ne aka bi. Ranar tafiya aka ba Sha'aibu ƙwaryar zuma da goro da sanda mai gashin doki, uwar sarki ta auna albarushi, runduna ta raka mu. Ministan ruwan sama ya yi aikinsa, muka jiƙe sharkaf. A bakin gora aka yi harbi, bindigar Janar ta ƙi tashi, ya leƙa bakinta, Allah ya kiyaye ta tashi bayan ya kau da kai, ta tafi da rabin hularsa. Mai ɗaukar kujera ya miƙa wa Sha'aibu kujerarsa ya ce ikonsa nan ya tsaya. Daga nan har Madawa minista ne ya ɗauki kayansa, har da jakata.

Mun shiga Tama da la'asar. Inna tana kwance a rumfar tsakar gida, ta rame har na tsorata. Sha'aibu ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa da sandarsa, ya fara jawabin da aka koya masa: uwar sarkin ƙasa kaza tana gaida uwar minista. Bai kai rabi ba Inna ta ce, "Auta, aje tarkacen nan ka zo nan." Ya zube a gabanta. Ta shafa fuskarsa, ta shafa furfurar, ta kama kunnensa ta murɗa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce, "Wa ya ba ka izinin tsufa ban gani ba?" Ranar ta sha fura rabin ƙwarya.

Bayan an watse na gaya mata saƙon uwar sarki, kalma da kalma yadda aka ce. Ta sa na maimaita wurin amsar. Sai na ga bakinta yana motsi kamar mai ɓoye dariya. Ta ce, "Matar nan ta haihu."

Yau Sha'aibu ya ga rani a Tama, ya ga shuka, ga gero ya fara fitar da kai. Ya gyara rumbu, ya kai taki gona, hular mai ƙaya tana rataye a ƙusa. Maryama na riƙe da butiki, tana kira tana cewa ya zauna, ba abin da ya lalace, rigimar baƙi ma ita ke sasantawa. Lokaci-lokaci yakan durƙusa ya ce, "Inna, amsar mutanen hwa?" Sai ta ce, "Ina tunani. Maganar manya ba a yi mata gaugawa."

Jikinta bai dawo ba, mu duka mun san haka, ita ma ta sani. Shekaranjiya Sha'aibu ya tafi gona, ina zaune ina yi mata fifita, ta kamo hannuna.

Ta ce, "Mushe, amsar tana wurinka. Ran da kunka dawo daga rakiyata kushewa, ka bari ya huta, sannan ka sallame shi ya koma ga ɗiyanshi. Ya ce ma uwar sarki na gode. Ya ce mata na riƙe shi daidai yadda ta ba ni."